YADDA AKA KOYA WA NA'URA YARDA DA SAKE RA'AYI

'Yar'uwa mai karatu, akwai tambayoyi guda biyu waɗanda babu ranar da za ta fito ta faɗi ba ki amsa su ba, ko kin lura ko ba ki lura ba. Ta farko ita ce: maganar wa zan kama? Ta biyu kuwa: in abin da na riƙe jiya ya ci karo da abin da na gani yau, wanne zan saki? Yaro ya dawo daga aike ya ce canjin ya faɗi a hanya, maƙwabciya ta leƙo ta ce an ga wance a wuri kaza, saƙo ya shigo waya wai an turo miki kuɗi. Cikin ƙiftawar ido kike yanke hukunci, kuma da wannan hukuncin ne ake gyara zumunci ko a ɓata shi, dukiya ta tsira ko ta salwanta.

To, ashe ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Kwamfutocin da ke riƙe da kuɗin jama'a a banki, da masu taya matuƙi sarrafa jirgin sama, har da wayar da ke hannunki, kullum cikin karɓar labari suke daga wasu na'urori, kuma tilas su zaɓi wanda za su gaskata. Ita kuwa na'ura ba ta karanta fuska, ba ta jin rawar murya, ba ta san asalin kowa ba. Duk abin da ba a tsara mata shi da ƙa'ida da lissafi ba, to ba ta san shi ba. Wannan ya sa masana suka shafe kusan shekara 50 suna ƙoƙarin mayar da yarda lissafi. Tarihin wannan ƙoƙari za mu bi, domin kuwa akwai abin da zai amfane mu a cikinsa, har cikin ɗakunanmu.

SARAKUNAN YAƘI DA MACI AMANA

A shekarun 1970 hukumar NASA ta Amurka ta ba wata cibiyar bincike mai suna SRI da ke Kalifoniya aikin tsara kwamfutar da za a iya damƙa wa jirgin sama. Tun da rayuka ne a ciki, ba za a dogara da na'ura ɗaya ba, sai a sa da yawa su yi aiki iri guda, in ɗaya ta lalace sauran su rinjaye ta. A ganin kowa uku sun isa, biyu su kayar da ɗaya. Amma da aka zurfafa bincike sai aka gano ba nan gizo ke saƙa ba. Na'urar da ta mutu murus ba ta da wuyar sha'ani, kowa ya ga ta yi shiru sai a ƙyale ta. Wadda ta fi haɗari ita ce mai baki biyu, wadda za ta gaya wa wannan abu kaza, ta juya ta gaya wa waccan akasinsa.

A 1982 masana uku na wannan cibiya, Leslie Lamport da Robert Shostak da Marshall Pease, suka fito da matsalar cikin sigar labari don kowa ya gane. Suka ce a ɗauka sarakunan yaƙi ne na tsohuwar daular Rumawan Gabas, wadda babban birninta shi ne Istanbul ta yau, sun yi wa wani gari ƙawanya, kowa da rundunarsa a kusurwa dabam, ba sa ganin juna sai dai aike. Dole su haɗu a kan shawara ɗaya, ko a faɗa wa garin gaba ɗaya ko a ja da baya gaba ɗaya, domin in rabi suka shiga rabi suka tsaya, waɗanda suka shiga sun hallaka. Sai dai a cikinsu akwai maciya amana. Da farko ma Lamport ya so ya ce sarakunan yaƙin Albaniya ne, sai aka ja hankalinsa cewa Albaniyawa na nan da ransu za su ji haushi, shi ya sa ya koma wa daular da ta riga ta shuɗe.

Kin ga inda wahalar take. A ce su uku ne, babba ɗaya da mataimaka biyu. Babban ya aiko wa na farko cewa a kai hari. Na biyu kuma ya aiko masa cewa, ai ni umarnin da na samu a ja da baya ne. To wa ke ƙarya? Mai yiwuwa babban ne ya yi baki biyu, mai yiwuwa kuma na biyun ne ya juya magana. Daga inda na farko yake zaune babu yadda za a yi ya bambance. Masanan nan suka tabbatar da lissafi cewa muddin saƙon baka ne, mutum uku ba za su iya da maci amana ɗaya ba, sai sun kai 4. In maciya amanar biyu ne, sai sun kai 7. Wato tilas amintattu su haura kashi biyu cikin uku.

Dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowa ya faɗa wa kowa abin da aka gaya masa, sannan a bi rinjaye. Duk wadda ta zauna a gidan yawa ta san haka ake kama annamimiya. Muddin tana bin ɗaki ɗaki tana raɗa, kasuwarta na ci. Ranar da aka tara kowa a tsakar gida aka ce ke me ta ce miki, ke ma me ta ce miki, ran nan asirinta ke tonuwa, don ramin ƙarya ƙurarre ne. Sun kuma nuna cewa in kowane saƙo na ɗauke da hatimin da ba a iya yin jabunsa, to lamarin ya yi sauƙi ƙwarai, domin ba mai iya ɗora wa wani maganar da bai yi ba.

IN SABON LABARI YA ZO, ME ZA A ZUBAR?

Wannan ya taɓa tambayarmu ta farko. Ta biyun, wato sake ra'ayi, ta wata hanya dabam aka biyo mata.

A 1979 wani matashin mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Jon Doyle, ya tsara wata manhaja wadda ba ta ajiye magana ita kaɗai, sai tare da dalilinta. Duk abin da ta gaskata, tana rubuce da cewa na yarda da wannan ne saboda wancan da wancan. Ranar da dalilin ya rushe, sai ta bi sawu ta janye duk abin da aka gina a kansa. Ki tsaya ki yi tunani, 'yar'uwa, mu nawa ne ke iya haka? An gaya miki wance ta zage ki, kika daina gaishe ta, kika hana yaranki shiga gidanta, kika fara ganin ko dariyarta ma da ke take. Bayan wata uku ta tabbata ƙarya aka yi mata. Tushen ya rushe, amma sau nawa ginin ke nan tsaye a zuciya?

Babban aikin da aka yi a wannan fage kuwa ba daga masu kwamfuta ya faro ba, daga wurin masanin shari'a ne. Carlos Alchourrón malami ne a jami'ar Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, kuma abin da ya dame shi shi ne soke doka. Dokokin ƙasa sarƙe suke da juna. In majalisa ta ce an soke hukunci kaza, alhali wannan hukuncin daga haɗuwar wasu dokoki biyu ko uku yake fitowa, to wacce za a cire daga cikinsu? Ya haɗa kai da David Makinson, masanin ilimin manɗiƙi ɗan ƙasar Ostireliya, daga baya suka tarar Peter Gärdenfors na jami'ar Lund a Suwidin yana bin wannan sawu ta fuskar yadda mutum ke sauya abin da ya gaskata. A 1985 su uku suka fitar da maƙala ɗaya, wadda har yau ake kiran tsarinta AGM, daga haruffan farko na sunayensu.

Suka ce sauyin ra'ayi iri uku ne: ƙari, da ragi, da gyara. Ƙari shi ne ki ji sabon abu wanda bai saɓa wa komai ba, ki ɗora a kan na da. Ragi shi ne ki saki wani abu ba tare da kin kama kishiyarsa ba. Gyara kuwa shi ne mai wuya, sabon abu ya zo ya yi karo da tsoho.

Ga misali. Kina riƙe da abu uku a ranki: duk kayan da dillaliyar nan ta kawo mai kyau ne, wannan atamfa ita ta kawo ta, atamfa mai kyau ba ta zuba. Sai aka wanke atamfar, ruwa ya yi jawur. To fa! Ukun nan ba za su zauna tare da abin da idonki ya gani ba, tilas ɗaya ta tafi. Ko dai dillaliyar takan kawo maras kyau wani lokaci, ko an musanya atamfar a wurin tela, ko kuwa mai kyau ma takan zuba in ta haɗu da wani irin sabulu. Ƙa'idojin AGM suka ce: ki karɓi sabon abin, kada ki bar saɓani a cikin abin da kika riƙe, sannan kada ki zubar da fiye da abin da ya zama dole. Wannan ta ƙarshen ita ce ƙashin bayan tsarin. Don atamfa ɗaya ta zuba ba za ki ce duk dillalai ɓarayi ne ba, ba kuma za ki rufe ido ki ce ai ba ta zuba ba.

To wacce za a saki cikin ukun? Manɗiƙi shi kaɗai ba ya faɗa. Shi ya sa a 1988 Gärdenfors da Makinson suka ƙara da cewa abubuwan da mutum ya gaskata ba zurfinsu ɗaya ba, wasu jijiyarsu ta nutse, wasu a sama sama suke. In tilas ta kama, mai gajeriyar jijiya ake fara tugewa. Sanin da kika yi wa mace shekara 20 bai kamata ya yi nauyi ɗaya da zancen da kika tsinta jiya a gidan biki ba.

Amma tsarin na da wani giɓi. Ya ɗauka duk sabon labarin da ya zo gaskiya ne, dole a buɗe masa ƙofa. In haka ne kuwa, ai kowane maƙaryaci zai iya juya na'ura yadda ya so. Masana suka lura da haka, har shi Makinson ɗin a 1997 ya kawo tsarin da ake tace labari tukuna kafin a karɓa. Nan fa tambayoyinmu biyu suka haɗe, domin kafin ki sake ra'ayi sai kin tambaya, wa ya faɗa?

RANAR DA AKA ƊORA YARDA A MA'AUNI

A 1994 wani ɗalibi a jami'ar Stirling ta Sikotilan, Stephen Marsh, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan mayar da yarda abin da kwamfuta za ta iya lissafawa. Ya karanta abin da masana halayyar ɗan Adam da na zamantakewa suka rubuta, sannan ya ba yarda lamba. Sifiri na tsakiya, ɗaya a ƙasa da sifiri shi ne matuƙar rashin yarda, ɗaya a sama kuwa cikakkiyar yarda. Abin sha'awa, bai bari ma'aunin ya kai wannan ɗaya ta sama ba. A ganinsa wanda ya yarda ɗari bisa ɗari ya daina aunawa ke nan, yardarsa ta zama makauniya.

Ya kuma raba yarda gida uku. Akwai ta ɗabi'a, don wata da saurin sakin jiki aka halicce ta, wata kuwa da ɗari ɗari. Akwai yardar da kika yi wa mutum a dunƙule. Sannan akwai yarda a kan lamari guda, kuma ita ce ake aiki da ita. Wadda za ki bar wa jaririnki ki tafi asibiti hankali kwance, ba lallai ba ne ita za ki naɗa uwar adashi. Wadda ba ta taɓa cin kwabon kowa ba, mai yiwuwa ba ta iya riƙe sirri. Ba aibu ba ne, kowa da inda ya fi ƙarfi. Sannan ya ce kowane lamari na da mizaninsa gwargwadon abin da za a yi hasara. Yardar da ta isa a ba da aron turmi ba ta isa a ba da ajiyar sarƙar gwal ba.

Har yadda ake tuna baya Marsh ya duba. Ya ce akwai mai kyakkyawan zato, wanda ke auna mutum da mafi kyawun abin da ya taɓa yi masa. Akwai mai mugun zato, wanda ke auna shi da mafi muninsa, irin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai kuma mai haɗa duka ya ɗauki tsaka tsaki. Ke a wane layi kike?

KASUWAR DA BA A GANIN FUSKA

Ba a daɗe ba aka buƙaci wannan ilimi a kasuwa. A 1995 aka buɗe kasuwar intanet da aka sani da eBay a Amurka, inda mutum zai aika kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba. A 1996 suka fito da tsarin da mai saye da mai sayarwa za su yi wa juna shaida bayan ciniki, ko yabo ko kuka, a riƙa tarawa kowa na gani. Taurarin da kike gani a gefen sunan masu sayar da kaya a intanet jikokin wannan tsari ne.

Wani masani ɗan ƙasar Nowe, Audun Jøsang, ya ƙara gyara lissafin. Ya ce ra'ayi kashi uku ne, akwai na yarda, akwai na ƙi, akwai kuma ban sani ba tukuna, kuma kuskure ne a haɗa ban sani ba da na ƙi. A 2002 shi da Roslan Ismail suka kawo wata hanya mai sauƙi: ki ƙara 1 a kan adadin cinikin da ya yi kyau, ki ƙara 2 a kan jimlar cinikin duka, sai ki raba. Baƙon da ba a taɓa ciniki da shi ba yana da rabi. Wanda aka gwada sau 2 bai saɓa ba yana da 3 cikin 4. Wanda aka gwada sau 98 bai saɓa ba yana da 99 cikin 100. Kin ga dukkansu ba su taɓa cuta ba, amma ba matsayinsu ɗaya ba, don sai an gwada akan san na ƙwarai. Suka kuma sa tsohuwar shaida ta riƙa raguwa da nauyi a hankali, saboda mutum na sauyawa, na kirki kan lalace, lalatacce kuma kan shiryu.

Sai dai kowane ƙulli da mai kwance shi. A eBay an ga masu saye na tsoron faɗin gaskiya kada mai sayarwa ya rama, har a 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa yi wa masu saye baƙar shaida. Sannan a 2002 wani mai bincike a Microsoft, John Douceur, ya bayyana wata cuta da ta fi wannan: mutum ɗaya ya buɗe sunaye ɗari, su yi ta yabon juna. Ki tuna lissafin sarakunan yaƙi ya dogara ne ga rinjaye. To ina amfanin rinjaye in bakuna goman da kika ji duk na mutum ɗaya ne?

DA MAI SHAIDA YA ZAMA ABIN TUHUMA

Saura misali ɗaya, wanda ya haɗa duk abin da muka faɗa. Wayarki ba ta san shafin bankinki ba. Abin da take yi shi ne ta nemi takardar shaida mai hatimi, wadda wani kamfanin da aka amince da shi ya ba shafin, shi ma wani lokaci wani na sama da shi ne ya tsaya masa. Sarƙa ce, wane daga wane. Wadda ta zauna a Islamiyya za ta tuna malaman hadisi sun fi shekara dubu suna bin irin wannan sarƙa, suna auna kowane mai ruwaya, wannan amintacce ne, wannan mai rauni, wannan an bar karɓa daga gare shi.

A 2011 ɓarayin intanet suka kutsa cikin ɗaya daga waɗannan kamfanoni, DigiNotar na ƙasar Holan, suka buga takardun jabu fiye da 500 da hatiminsa na gaske. Da ɗaya daga ciki, wadda aka yi da sunan Google, aka riƙa tare hanyar masu amfani da Gmail, kusan 300,000, akasarinsu a Iran. Kamfanin ya gano kutsen tun watan Yuli amma ya ja bakinsa ya yi shiru, sai ƙarshen Agusta magana ta fasu. Nan da nan masu manhajojin shiga intanet irin su Chrome da Firefox suka cire sunansa daga jerin amintattu, kuma duk takardar da ta dogara da shi ta faɗi tare da shi, kamar dai yadda Doyle ya tsara. Amma ba a rushe tsarin duka ba, sauran kamfanonin aka bar su a matsayinsu, ragi aka yi gwargwadon larura. Kafin watan Satumba ya ƙare DigiNotar ya karye. Da yawa na ganin ba kutsen ne kaɗai ya kashe shi ba, ɓoyewar ce.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

To 'yar'uwa, kin ji inda masu lissafi suka kwana bayan wannan doguwar tafiya. Ba su ce a yarda da kowa ba, ba su kuma ce kada a yarda da kowa ba, domin na'urar da ba ta yarda da komai ba ta aiki, haka ma gidan da ba a yarda da juna ba ya zaunuwa. Cewa suka yi a auna.

In saƙo ya shigo cewa an turo miki kuɗin kaya, kada ki saki kayan sai kin duba asusunki ta hanyar bankin kansa, don shaida ɗaya ba ta isa ba. In mata biyar suka kawo miki magana ɗaya, ki tambayi kowacce inda ta ji, wataƙila duk daga baki ɗaya ta fito. In aminiyarki ta saɓa miki a abu guda, ki rage yarda a wannan abin, kada ki rushe zaman shekaru. In kuwa ta bayyana ƙarya aka kawo miki, to kada ki tsaya ga cewa ashe ba haka ba ne, ki bi sawu ki kwashe duk abin da kika gina a kanta, har gaisuwar da kika janye ki mayar.

Na'ura sai da manyan masana suka yi shekaru kafin ta koyi wannan. Ke kuwa an ba ki hankali kyauta, saura aiki da shi. Allah ya haɗa mu da amintattu, ya sa mu ma mu zama abin amincewa, amin.